Babin da Baba Jon Ya Tsallake

Ɗakin da na kama ta waya tun ina gida ba ɗaki ba ne. Hotunan da dillalin ya turo mini ina Faskari sun nuna gado da teburi da taga mai labule. Da na iso da akwatina, bayan doguwar tafiya a bas daga filin jirgi zuwa arewacin Ingila, sai na tarar da wani lungu a ƙarƙashin matakalar bene, inda ake ajiye kayan shara, an cusa katifa a ciki. Na kira lambar dillalin ta ƙi shiga, kuma har na bar ƙasar ba ta shiga ba. Kwana uku na yi a lungun nan ina naɗe ƙafa kamar kaza a akurki. Ran Juma'a a masallaci wani mutumin Sudan, Malam Usman, direban tasi, ya dubi 'yar rigar sanyina, ya dubi takalmina, ya tambayi inda na sauka. Bai yi dogon magana ba, ya sa ni a mota muka je muka kwaso kayana. A ɗakin saman gidansa na yi shekarar gaba ɗaya.

Sunana Lawal, haifaffen Ruwan Godiya. Na yi shekara bakwai ina koyarwa a wata sakandare a Ƙanƙara, ina ɗan rubuce-rubuce a gefe. Na taɓa buga littafi guda da kaina a wurin masu buga katin biki, ya fito shafi na arba'in yana gaban na talatin da biyu, kuma ba wanda ya yi ƙorafi, abin da ya nuna mini ba wanda ya karanta har can. Haushin wannan ne ya sa na dage neman tallafin karatu har Allah ya ba ni gurbin digiri na biyu a fannin rubutu da wallafa littattafai. Karatun kashi biyu ne. Na farko a aji. Na biyu, wata huɗu na koyon aiki a wani kamfanin wallafa, inda shugaban wurin zai rubuta rahoto a kanka ya sa hannu. In babu wannan rahoton babu digiri, sai ka tattara ka koma gida ka yi wa mutane bayani.

Ajin bai ba ni wahala ta wajen karatu ba. Wahalata ɗaya ce. Duk mako ɗalibi zai raba abin da ya rubuta, sauran su yi masa kaca-kaca a gabansa, shi kuma yana rubuta abin da suke faɗa har yana godiya. In layi ya zo kaina sai in ce, "Gaskiya ya yi kyau." Wata rana malamin, dattijo mai furfura wanda yara 'yan shekara ashirin da biyu ke kiran sunansa gatsal, ya ce mini, "Lawal, mako tara ke nan komai yana yin kyau a wurinka. Ko dai ka fi kowa sa'a, ko kuma ba ka karantawa." Ina karantawa. A gefen takarduna na cika gyara. Bakina ne ba ya iya fitar da su.

Lokacin sanyi ya same ni a nan. Rana ta faɗi tun kafin a yi la'asar ɗin kirki, ka fito daga aji ka ga fitilu a kunne. Abin da na fi kewa ba abinci ba ne, ko da yake na yi mafarkin dambu fiye da sau ɗaya. Gaisuwa na yi kewa. Ka wuce mutum goma a hanya ba wanda zai tambaye ka gajiya. Akwai wata tsohuwa a tashar bas da ke ce mini sannu kowace safiya, na riƙa fitowa da wuri don kada in rasa ta.

Kamfanin da aka tura ni ƙarami ne, a wani gari mai kasuwar tumaki, a saman gidan burodi, ma'aikata huɗu. Littattafan rayuwar ƙauye suke wallafawa. Shugabar wurin sunanta Helen, mace mai gajeren gashi da gajeriyar magana. Na kira ta Madam, ta ce in bari, ban bari ba, ta gaji ta ƙyale ni. Ranar farko ta ba ni takardu na sa hannu, ciki har da ta riƙe sirrin marubuta, na sa hannu ina kallon yadda ƙamshin burodi ke sa cikina ƙara.

A wurin nan ne na san littafi aikin hannuwa da yawa ne. Na koyi bin shafi layi-layi da rula ina farautar kuskure. Na je maɗaba'a na ga yadda ake naɗe manyan takardu su zama shafuka, a nan na gane abin da ya faru da littafina na gida. Na koyi taɓa takarda in san nauyinta, da rubuta 'yan layukan bayan bango, da ɗaure kwali. Wasiƙar farko da na rubuta wa wani mai shagon littattafai, Madam Helen ta dawo mini da ita ta ce, "Ka tambayi lafiyarsa da ta iyalinsa da yadda ya ji da sanyi. Ina littafin?" Yana sakin layi na uku.

Wajen ƙarshen wata na uku ta ajiye mini wani ƙunshin takardu a teburi.

"Ka ce babanka makiyayi ne. Ga naka. Mai shi sunansa Jon, shekararsa tamanin da ɗaya, duk rayuwarsa a kan tudu da tumaki ya yi ta. Kai ne editansa. Ka karanta, ka gaya mini abin da ka gani, sannan ka je ka gaya masa."

Na karanta cikin kwana biyu. Tsohon ya iya ba da labari. Ya san iska, ya san ciyawa, in yana bayanin tunkiyar da ta ƙi ɗanta sai ka ce a gaban garken gidanmu yake tsaye. Amma babi uku cur ya ɓata yana lissafa kyaututtukan da ragunansa suka ci a gasa. Shekarar da annoba ta shiga dabbobin yankin kuwa, layi ɗaya ya ba ta: "A shekarar ne cutar ta zo, aka kashe garken, muka sake farawa." Daga nan ya koma kan gasa.

Na daɗe ina kallon layin nan, don na san shi. Ɓarayin daji sun kora shanun mahaifina gaba ɗaya a yini guda, abin da ya sa muka baro Ruwan Godiya muka dawo cikin Faskari. Har yau bai taɓa ba da labarin ba. In dole ta kama ya ambaci lokacin sai ya ce "shekarar da muka taso", ya wuce. Zai iya yi maka awa guda a kan wani bijimi da ya taɓa kai wa kasuwar Sheme, amma ranar nan ba ya taɓa ta.

Na gaya wa Madam Helen cewa littafin yana cikin layin da aka tsallake. Ta ɗago ta dube ni, karo na farko da na ga alamar na burge ta.

"Haka ne. A rage gasar, a rubuta wannan babin. Je ka gaya masa."

Bas biyu ake hawa zuwa gonarsa, sannan tafiyar ƙasa tsakanin katangun duwatsu. Na tarar da dogon tsoho mai manyan hannuwa. A ofis Jon suke ce masa. Ni na ce Baba Jon, na yi masa bayanin ma'anar, ya yi dariya ya ce ya karɓa. Ya ba ni shayi, ya kai ni wurin raguna. Ban san lokacin da na kama ɗaya na buɗe bakinsa ina duba haƙora ba. Tsohon ya yi tsaye yana kallona, ya ce a duk waɗanda kamfanin ya taɓa turowa ni ne na farko da ya san ta inda ake kama rago. Muka yi awa uku muna hirar kiwo. Da zan tafi ya ce, "To, yaya littafin?"

Na dubi furfurarsa. Ya girmi mahaifina. Yanzu na sha shayinsa.

"Ya yi kyau ƙwarai, Baba," na ce.

Washegari da hantsi na kira Inna. 'Yar Sabuwa ce, ba ta yi boko ba, amma ba a taɓa kawo mata matsala ta rasa ta inda za a ɓullo mata ba. Na zayyana mata komai.

"Kai Lawal, mi ya same ka?" ta ce. "Kai za ka dubi tsoho tsaran kakanka ka ce mashi ya tono abin da ya binne? Can Turai ɗin kunya suka cire maka?"

"Inna, aikina ne. In ban faɗa ba, ba za su ba ni takarda ba."

"To wa ya ce kar a hwaɗa? A hwaɗa mana, amma ba da bakinka ba. Ba shi da aboki? Tsoho ba ya rasa tsara. Ka nemi wanda suka tashi tare, ka tahi da ɗan abin hannu, ka zamna ka yi mashi bayani, shi ya san lokacin da zai sako maganar. Haka aka yi tun da can."

Raina ya yi fari. Haka kuwa ake yi. Lokacin da aka so mahaifina ya yarda mu bar ƙauye, ba mu muka gaya masa ba, amininsa aka tura.

Samun aminin bai yi wuya ba, sunansa ya fito a littafin fiye da na matar marubucin: Alan, maƙwabcin gonarsa, tare suka tashi. Ran Laraba na same shi a kasuwar tumaki. Na sayi kwalin biskit a madadin goro, na ɗauki kwafin shafin da layin yake, muka zauna a wurin mai shayin kasuwar. Na gabatar da kaina, na yi masa bayani tiryan-tiryan, na miƙa masa shafin. Ya sa tabarau ya karanta. Na ga wuyansa ya yi ja.

"Jon littafi yake rubutawa?"

"E, Baba."

"Ya san ka zo wurina?"

"A'a. Ai shi ya sa na zo wurinka."

Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya tashi, ya bar biskit ɗin a kan teburi. Ni kuwa na hau bas ina jin daɗin na yi abu irin na manya.

Ran Juma'a da safe Madam Helen ta ce in shigo in rufe ƙofa. Takardar da na sa wa hannu ranar farko tana gabanta.

"Jon ya kira. Ya ce a mayar masa da rubutunsa. Ka ɗauki shafin marubuci ka kai wa wani a kasuwa?"

Na ce e.

"Ba wanda ya san yana rubutu a duk yankin, haka ya so. Yanzu kowa ya sani. Ka karanta wannan takardar kafin ka sa hannu? Zan iya sallamarka yau, jami'arku ba za ta ce na yi ba daidai ba."

Na yi mata bayanin yadda ake yi a wurinmu, cewa yaro ba ya tunkarar babba da magana mai nauyi, ana bi ta hannun tsaransa don kada a zubar masa da girma. Ta saurara har na gama.

"Wato girmama shi ka yi."

"Wallahi shi ne nufina."

"Shi kuma abin da ya gani, ka ci ka sha a gidansa, ka ce masa komai lafiya, ka zagaya ka kai maganarsa waje." Ta tura takardar gefe. "Ka koma wurinsa, kai kaɗai. In littafin ya tafi, kai ma ka tafi. Ba mugunta ba ce, ba ni da abin da zan rubuta a rahoton editan da ba ya iya magana da marubucinsa."

A bas na yi ta tunanin komawa Faskari hannu biyu. Na ga fuskar shugaban makarantarmu da ya ba ni hutun karatu, na ga ɗalibaina da suka yi mini rakiya har tasha. Na ji tsoro sosai, ba zan ɓoye ba.

Ana yayyafi na isa. Yana rumfa yana yanke wa tumaki kofato. Bai ce in shigo ba, bai ambaci shayi ba. Na durƙusa a bakin rumfar kamar yadda zan yi wa babba a gida.

"Tashi. Ba ka da lafiya ne?"

Na tashi. Na ba shi haƙuri, na gaya masa dalilin da ya sa na yi abin da na yi. Bai daina yankan kofaton ba.

"Ka san gonar da cutar ta fara ɓulla a nan?" ya ce. "Ta Alan. Tumakina lafiyarsu ƙalau. An kashe su ne don katangarmu ɗaya da shi. Fiye da shekara ashirin muna zama tare, muna zuwa kasuwa tare, ba mu taɓa ɗaga maganar ba. A duk duniya shi ka zaɓa ka kai wa."

Na rasa inda zan sa kaina. In da ƙasa za ta buɗe a lokacin da na gode mata.

"In kana da magana, ga ni," ya ce. "Faɗi."

Ban taɓa yin abu mai wuya kamar wannan ba. Na dubi ƙasa, na tuna a nan ba a son haka, na ɗago na dube shi.

"Baba, ƙarya na yi maka ran nan. Littafin bai gama kyau ba. Babi ukun gasar sun yi yawa, mai karatu zai ajiye. Kuma abin da ya fi komai girma a rayuwarka ka ba shi layi ɗaya. Sai ka rubuta shi."

"Kai wane ne da za ka ce in rubuta shi? Me ka sani a kai?"

Na gaya masa labarin shanun mahaifina, da yadda ya koma zama a ƙofar gida a gari, yana tashi da asuba ba abin da zai kora.

"Ka taɓa tambayarsa?"

"A'a. Ba a yi."

"Amma ni ka tambaye ni."

"Shi bai rubuta littafi ba, Baba. Kai ka rubuta."

Ya jawo wata tunkiya. Can ya ce, "Riƙe mini ƙafar nan." Na riƙe. Muka gama tumakin da suka rage, ɗaya bayan ɗaya. Da muka gama ya wanke hannu ya ce, "Bas ɗinka ƙarfe huɗu ne. Kada ya wuce ka."

Mako uku ba labari. Bai sake cewa a mayar masa da rubutun ba, bai kuma aiko da komai ba. Na ci gaba da ɗaure kwali da bin shafuka da rula. Madam Helen ba ta sake ɗaga maganar ba, amma fam ɗin rahotona yana kan teburinta babu ko layi ɗaya a ciki, ina ganinsa duk lokacin da na kai mata wani abu. Malam Usman ya lura ba na cin abinci, ya riƙa sa matarsa ta ƙara mini barkono, wai ko shi ne na rasa.

Saura kwana shida wa'adina ya cika ambulan ya iso, da sunana a bayansa. Shafi goma sha huɗu, da fensir. Na karanta a tsaye. Ya rubuta yadda ya tashi da safiyar ranar ya ba tumakin abinci duk da ya san ma'aikata masu fararen kaya da za su kashe su na hanya, don bai ga dalilin da za su mutu da yunwa ba. Lokacin haihuwa ne, wasu 'ya'yan kwanansu ɗaya. Ya rubuta yadda karensa ya shige ƙarƙashin mota ya ƙi fitowa kwana biyu, da yadda tudun ya yi shiru har yana jin agogon ɗakin girki daga waje. Kusa da ƙarshe ya ce da yamma Alan ya zo ya tsaya a bakin ƙofar gona, shi ma ya je ya tsaya a gefensa, ba wanda ya ce komai. Na yi kuka a ofishin mutane, ban damu da wanda ya gani ba.

Sai kuma sakin layi na ƙarshe. A ciki ya ce duk wannan ya wuce, ya daɗe da mantawa, ba abin da ya rage a ransa, rayuwa ta ci gaba lafiya lau.

Na kai wa Madam Helen. Ta karanta ba ta ɗago ba har ƙarshe, ta cire tabarau ta goge.

"Me ka gani?"

"Sakin layin ƙarshe. Bai kamata ya zauna ba. A bakin ƙofar gonar babin ya ƙare."

Ta turo mini wayar ofis.

Tsohon da ya yi mako uku yana tono abin da ya fi ciwo a rayuwarsa, shi zan kira in ce ga gyara. Na danna lambar. Na gaishe shi a taƙaice, na ce babin ya iso, na ce ban taɓa karanta abu irinsa ba, kuma wannan karon gaskiya nake faɗa.

"Amma?" ya ce.

"Amma sakin layin ƙarshe sai an cire shi, Baba."

"Don me?"

"Don ba gaskiya ba ne. Wanda ya manta ba zai tuna ƙarar agogo ba."

Ina jin numfashinsa, ina jin kukan wata tunkiya can nesa a bayansa. Madam Helen ta jawo fam ɗin rahoton gabanta ta buɗe biro, amma ba ta fara rubutu ba, ita ma jira take. Na ƙirga numfashin nan har na ɓata lissafi.

"Cire shi," ya ce. "Ban manta ba."